Tagar da Na Yi wa Akwatin Kawu

Abubuwa da yawa sun same ni a shekara goma sha shida da na yi a duniya. Wasu na manta da su, wasu kuma na yi kamar na manta. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka ta makarantarmu ba, bara cikin bazara, ranar da na sa Kawu Ilu ya tuɓe hularsa a gaban hakimai biyu, da jami'in ilimi daga Kano, da kusan rabin mutanen Gumel. (Abokina Tanimu ya ce kada in rubuta, wai in bar maganar ta mutu. Ta yaya za ta mutu, alhali har yau masu ƙosai a bakin tasha "Injiniya" suke kirana?)

Bari in fara da Kawu, domin in ba ku san shi ba, ba za ku gane girman abin da na aikata ba.

Kawu Ilu ƙanen Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shagonsa na gyaran rediyo yana bayan tashar mota, ɗan ƙarami ne, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. A Damagaram ya koyi aiki, shi ya sa har yau ƙwan fitila "ampul" yake ce masa, mu yi ta dariya a ɓoye. Bai taɓa zama a ajin boko ba, sunayen masu rediyo ma da ajami yake rubutawa ya liƙa a jiki. Amma direbobin da ke ɗauko kaya daga Maigatari, da 'yan hatsin Gagarawa, da malaman firamare na Sule Tankarkar, duk wanda rediyonsa ya yi shiru wajensa yake nufa. Ba ya saurin kwance rediyo. Sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya ɗan girgiza shi kamar mai zaɓen kankana, sannan ya faɗi abin da ke damunsa. Ƙarfen liƙinsa a kan garwashi yake ɗora shi, gefen butar shayi, kuma ban taɓa ganin ya ɗauki wannan a maimakon wancan ba.

Sai hula. Kawu yana da wata jar dara mai kauri, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinta ba. Ko alwala yana da yadda yake yi, ya zura hannu ya shafa ya fitar, kafin ka ƙifta ido an gama. Mu yaran dangi mun sha gardama a kai. Wasu su ce tabo ne, wasu su ce sanƙo, ƙanwata kuwa ta dage ƙaramin rediyo yake ɓoyewa a ciki. Na taɓa tambayar Inna, ta ce in na sake tambaya zan ga abin da ke ƙarƙashin tafin hannunta.

To, a makaranta muna da ƙungiyar kiɗa. (Na ce ƙungiya ne don mutunci. Mu huɗu ne, da ganga biyu, da gwangwanin madara mai tsakuwa a ciki, da jita ɗaya.) Jitar wani malami ne ɗan hidimar ƙasa daga kudu ya bar mana da zai tafi, irin mai waya ce wadda ake haɗawa da lasifika. Ni ne mai kaɗa ta, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don na riga kowa ɗauka na ƙi saki. Tanimu shi ne mai babbar ganga.

Shugaban makarantarmu, wanda muke kira Baba Tsit a bayan idonsa saboda da kalmar yake buɗe kowace magana, bai taɓa ƙaunar ƙungiyar nan ba. Ya ce ƙara muke yi ba kiɗa ba, kuma tun da jitar ta shigo makaranta sakamakon lissafi ya faɗi. (Nawa kam ya faɗi, amma dama can ba a tsaye yake ba.) Wata rana ya tara mu ya yanke hukunci. Ranar rabon kyaututtuka za a ba mu minti goma a gaban baƙi. In muka yi abin kirki, ƙungiya ta ci gaba. In muka ba shi kunya, jita da ganguna za su shiga sito, a danna kwaɗo, mabuɗi ya koma aljihunsa. Duk wanda ya san siton nan ya san abin da ya shiga ciki gara ce ke gadonsa.

Na san da abin da muka iya ba za mu tsira ba. Waƙa uku ce da mu, biyu daga ciki ma in ka saurara da kyau ɗaya ce. Sai dai mu zo da abin mamaki.

A tashar da muke kamowa daga ƙetaren iyaka akwai wani kiɗan jita da yake hana ni sakat. Sautin ba a miƙe yake tafiya ba, karkarwa yake yi, kamar ruwan randa in an taɓa shi da yatsa. Na gwada girgiza jita, na gwada girgiza hannu, har jikina duka na girgiza (Tanimu ya zaci farfaɗiya ce, ya ruga neman taimako), amma a banza. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je shagon Kawu, muka yi sa'a aka saka irin kiɗan. Ya saurara ido a lumshe. Da aka gama ya ce ba jitar ce ke karkarwa ba, wani abu ne a tsakaninta da lasifika yake ɗauke murya yana mayarwa, da sauri da sauri. Na tambaye shi ko a Kano ake sayar da abin. Ya ce bai sani ba, bai kuma ga dalilin zuwa Kano ba.

Sati uku ya yi a kai, tsakanin wannan rediyo da wancan. Ya samo gwangwanin alewa mai murfi. Ya tsinto kayan cikin matattun rediyoyi ya haɗa su, har suka riƙa sa wani ɗan mitsitsin ampul yana kamawa yana mutuwa kamar ƙiftawar ido. Ya samo makunnin nan da direbobin manyan motoci ke takawa da ƙafa su rage hasken fitila, ya dasa a gefen murfi, in na taka ampul ya fara ƙiftawa, in na sake takawa ya daina. Sannan ya kwance wani ƙullin takarda ya fito da wani ɗan abu kamar maɓallin riga, mai zanen layi a murɗe a fuskarsa. Daga matacciyar kyamarar wani mai hoto ya ciro shi. Ya ce wannan shi ne ido, haske yake gani.

"Ka san mai ban ruwa a lambu?" in ji shi. "Ruwa na bin hanyarsa, sai ya sa fartanya ya ɓalle gefe, ruwa ya zurare. Ya toshe, ruwa ya dawo hanya. To sautin jitarka shi ne ruwan. Idon nan in ya ga haske sai ya ɓalle gefe, sauti ya zurare. In ya ga duhu ya toshe. Ampul na ƙiftawa, ido na buɗewa yana toshewa. Ga karkarwarka nan."

Na duba na duba, na tambaye shi ina wayar da ta haɗa ampul da idon. Ya ce babu. Ba sa taɓa juna, kallon juna kawai suke yi. Mun yi shekara biyu muna kimiyya a aji, da allo da alli da littafi mai hoto, ba a taɓa gaya mini abin da ya shige ni kamar wannan ba, kuma ga shi daga bakin mutumin da ke hura garwashi da murfin tukunya.

Ya aike ni gida in karɓo tsohon tandun kwallin Inna, ɗan na fata ɗin nan mai dogon wuya. (Na karɓo, sai dai ita ba ta san ta bayar ba.) Ya yanke gindinsa, ya zura ampul ta nan, ido ta can, ya toshe baki biyun da kwalta. Ya shafe cikin gwangwanin da baƙin fenti. Da yake babu abin cusa waya, sai ya liƙe wayar jita da dalma a jikin akwatin gaba ɗaya, ba ta ciruwa. Ya rufe murfi ya ce in gwada.

Na taka, na kaɗa. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Jitarmu mai muryar tsohon keke ce ta buɗe baki tana karkarwa kamar ta rediyo. Masu shayi suka leƙo. Wani direba ya bar fasinja a mota ya zo ya tsaya a ƙofa. Kawu kuwa ya koma kan rediyon da ya ajiye, kamar ba shi ya yi ba. Sai da zan fita da akwatin a hammata ya ɗago kai.

"Abu ɗaya, ɗan nan. Su biyun nan a duhu suke hirarsu. Kada ka bari kowa ya leƙa su."

Na ce to. (Ina da wani irin "to" da nake yi wa manya, wanda yake fita ta baki ba tare da ya biya ta kunne ba.)

A makaranta abin ya zama labari tun ranar farko. Har 'yan babban aji, waɗanda ba su san da zamana ba sai in za su aike ni ɗebo ruwa, suka zo kallo. Wani daga cikinsu ya tambaye ni inda na saya. Bakina ya riga ni, na ce ni na haɗa. Ban yi niyya ba, amma da na ga yadda suka kalle ni sai na kasa mayar da maganar. Ranar Litinin na ce musu sati uku na yi ina haɗawa. Ranar Talata sati ɗaya. Kafin Laraba, tsakanin azahar da la'asar na gama shi, da hannu ɗaya, ina cin gyaɗa da ɗayan. Magana ta kai kunnen malamin kimiyya, daga nan ta kai ofis. Baba Tsit ya kira ni, kuma a karo na farko a tarihi na ga haƙoransa na sama. Ya ce zai sanar a gaban jami'in ilimi, don a san makarantar nan ba a banza ake koyar da kimiyya ba. Tanimu, wanda ya san gaskiya, cewa kawai ya yi "Allah ya kyauta."

Abu ɗaya ne ya dame ni. Akwatin ba shi da kyan gani. Gwangwani ne mai tsatsa da hoton alewa a jiki. A garinmu kuwa kowa ya sani, rediyon mutumin kirki ba ya yawo tsirara. Ranar da ka saya, ranar za ka kai wa baduku ya ɗinka masa riga ta fata, da geza, da 'yar taga inda lambobi za su riƙa leƙowa. Keke ma naɗe shi ake yi da roba mai launi har ƙarfen ya ɓace. To ni da za a kira sunana a gaban hakimai, in ajiye gwangwanin alewa? Ga kuma abin da ya fi komai kyau, ƙiftawar ampul, an kulle shi a duhu ba mai gani. Na zauna na yi tunani irin nawa, na yanke cewa Kawu gwani ne, amma bai san talla ba. Shagonsa ma ko allon suna babu.

Ranar Alhamis na ce haƙori ke ciwo, aka ba ni izinin fita, na ɗare bayan wata motar buhuna sai kasuwar Maigatari. Wani mai liƙin bokiti ya yanka mini taga a murfin, faɗin tafin hannu. Ni kuma da hannuna na sa reza na fafe saman tandun Inna, sai ga ampul da ido kwance suna kallon juna kamar an yaye musu bargo. Baduku ya ɗinka riga ta jar fata, da kore a gefe, da geza har ƙasa, ya sa roba mai garai-garai a tagar. Da na ga yana da ƙananan madubai irin na ado, na ce ya zagaye tagar da su. Ya tambaye ni wace tasha wannan rediyon yake kamawa. Na ce masa wannan ya wuce tasha.

Ɗakin da muke gwaji wani tsohon ɗaki ne a bayan kicin, an buge tagoginsa da katako, ko da tsakar rana sai ka laluba. A can na gwada, ya yi aiki sarai. Muryar ta ɗan ragu kaɗan, na murɗa lasifika na ƙara, shi ke nan. Ga ampul yana ƙiftawa ta taga, madubai suna amsawa. Yara suka yi layi suna leƙe ɗaya bayan ɗaya. Tanimu ya ja ni gefe ya tuna mini abin da Kawu ya ce. Na gaya masa Kawu mutumin da ne, mu kuma 'yan zamani. Daga ranar na daina bi ta bayan tasha, sai dai in aika da gaisuwa.

Ranar ta zo. A ɗakin cin abinci aka shirya yin taron, amma baƙi suka yi yawa, aka kwashe kujeru aka koma filin ƙwallo. Aka kafa wa manya rumfa. Mu kuma aka haɗa mana tebura a tsakiyar fili muka hau, ƙarfe uku na rana, sama wasai ko gajimare ɗaya babu. Wanda ya san ranar Gumel cikin bazara ya san ba haskawa take yi ba, duka take yi. Ni ko a jikina. Ina sanye da wando mai faɗin ƙafa wanda ke share ƙasa, da takalmi mai tudu da na aro (ya fi ƙafata da yatsa biyu, na cusa takarda), gashina na tsefe shi ya tashi kamar kwandon kaji. Akwatin yana gabana lulluɓe da ƙyalle, lasifikar jita tana gefena.

Kawu ma yana wurin, domin duk taron makaranta shi ke kawo lasifikar jawabi da batirin mota. Yana zaune can bayan rumfa kusa da kayansa.

Aka yi jawabai, aka raba littattafai da sabulai, sannan Baba Tsit ya karɓi abin magana. Ya ce tsit. Ya ce yanzu baƙi za su ga abin da ilimin zamani yake haifarwa, na'urar da wannan ɗalibi ya ƙera da hannunsa, ba tare da taimakon kowa ba. Fili ya ɗauki tafi. Na saci kallon bayan rumfa. Kawu ya gyara zaman hularsa, yana tafi tare da mutane. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, amma gaskiya tafin ya fi shi ƙarfi.

Na fizge ƙyallen na wurga shi cikin 'yan ƙaramin aji, suka yi wawa a kai. Tanimu ya buga ganga. Na taka makunni, na ɗaga hannu sama yadda na gani a hoton bayan faifai, na sauke a kan jita.

Shiru.

Ba shiru gaba ɗaya ba, akwai wani ɗan "tsin-tsin" kamar sauro ya shiga gwangwani. Na sake kaɗawa. Sauro ya sake amsawa. Na murɗa lasifika, babu. Na sunkuya in duba waya, hannuna ya gogi jita, sai ga murya ta fito raɗau. Na yi hamdala na miƙe na gyara tsayuwa, ta ɗauke. Na sunkuya, ta dawo. Na miƙe, ta tafi. Yanzu kowa da ke karanta wannan ya gane inuwata ce ke rufe tagar, rana kuma ta cika idon da haske har ya zurar da sautin duka. Ni a lokacin ban gane komai ba. Sau biyar na rusuna a gaban jama'a. An ce wata tsohuwa a cikin iyaye ta ce kai, yaron nan akwai ladabi.

Da na rasa dabara sai na murɗe lasifika har ƙarshe, har maɓallin ya ƙi gaba.

A nan ne Baba Tsit ya taso daga rumfa. Yana sanye da babbar riga fara, ta sha sitati, faɗinta ya kai na rumfar da ya baro. Ya tako a hankali, fuska ɗaure. Yana isowa bakin tebur inuwarsa ta faɗa kan akwatin, lasifika ta kurma wani ihu da ban taɓa jin irinsa ba, kamar an taka wutsiyar jakai goma a lokaci guda. Awakin da ke kiwo a bakin fili suka watse (an ce an tsinci ɗaya can garin Ɗanzomo). Baba Tsit ya yi tsalle da baya, ihu ya tsaya cak. Ya gyara riga ya matso, ta sake kurmawa. Ya ja da baya, tsit. Wani ɗan aji ɗaya ya ce da ƙarfi, "Akwatin ya gane shi!" Ɗalibai suka zube a ƙasa. Jami'in ilimi ya rufe fuska da takardar shirin taro, kafaɗunsa suna rawa. Wani daga cikin mutanen hakimi yana ta neman tsari daga shaiɗan.

Baba Tsit ya zagayo ta inda inuwarsa ba za ta kai ba. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

"Kai ka ƙera. Gyara."

Abu ɗaya na sani a jikin akwatin nan, shi ne takawa. Na ɗaga takalmin aro na taka da iyakar ƙarfina. Takalmin ya goce, ya bar makunni ya faɗa ta taga. Na ji ƙas a tafin ƙafata. Ampul ya tafi. Na ga hannun Baba Tsit ya shiga aljihu, na ji ƙarar mabuɗai. Tanimu ya ajiye makaɗi ya sunkuyar da kai. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna a kan tebur nake.

Sai ga Kawu yana tahowa. Ba gudu yake ba. Ya tsaya gaban rumfa ya durƙusa ya gai da hakimai, ya gai da Baba Tsit, sannan ya hau teburin. Ya fara rage muryar lasifika. Ya dubi rigar fata, ya dubi geza, ya dubi madubai, ya leƙa ya ga tandun yayarsa a fafe. Sannan ya dube ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya waiga yana neman abin rufewa. Ƙyallen yana can 'yan aji ɗaya sun raba shi gida huɗu.

Sai ya kai hannu ka, ya cire hular.

Ku da ba 'yan nan ba ne, ban san ko za ku gane ba. Dattijo mai iyali ba ya tsayawa gaban hakimi kai a buɗe, balle Kawu. Filin nan ya yi shirun da Baba Tsit ya shekara goma yana nema bai samu ba. Sanƙo ne. Sanƙo cikakke, tun daga goshi har ƙeya, sumul, yana ɗaukar ido a rana. Ya kife darar a kan tagar ya ce, "Kaɗa."

Na kaɗa, murya ta fito tas. Amma a miƙe take, babu karkarwa. Na raɗa masa cewa ampul ya mutu.

"Na ji mutuwarsa tun daga can," in ji shi. Ya nuna sama da haɓa. "Ga babban ampul nan. Kai dai kaɗa."

Ya tsuguna, ya kama bakin hular da yatsu, ya riƙa ɗaga gefenta yana saukewa. Rana ta shiga, hula ta tare. Rana ta shiga, hula ta tare. Sai ga karkarwa ta dawo, kuma ba irin ta ampul ba wadda take tafiya bai ɗaya kamar agogo. Wannan tana bin waƙa. In Tanimu ya yi sauri hannun Kawu ya yi sauri, in muka sassauta ya ja ta a hankali har sai ka ji kamar jitar numfashi take yi. Mutanen da ke nesa sun zaci fifita yake yi wa akwatin don ya huce. Muka yi waƙa ta farko, muka shiga ta biyu, ba wanda ya lura ita ce ta farkon. Mata suka rangaɗa guɗa. Jami'in ilimi ya baro inuwa ya zo bakin tebur ya sunkuya yana kallon hannun Kawu. Ni kuwa duk minti goman nan ba jama'a nake kallo ba. Gumin da ke tsattsafowa a kan Kawu nake kallo, yana gangarowa ta bayan kunnensa yana ɗiga a kan gezar da na sa aka yi.

Da muka gama, tafin ya fi na farko nesa ba kusa ba. Kawu ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya mayar. Baba Tsit ya matso, yana ɗan kallon inuwarsa. A gaban jami'in ilimi ya ce, "Malam Ilu, tsakani da Allah, wa ya haɗa wannan abu?"

Na rufe ido.

"Aikin mutum biyu ne, ranka ya daɗe," in ji Kawu. "Ni na yi ciki. Taga kuwa shi ya yi ta shi kaɗai, ban sa masa hannu ba."

Har hakimai sai da suka dara. Baba Tsit ya dube ni, sannan ya fitar da hannunsa daga aljihu, babu mabuɗi. Jita ba ta shiga sito ba. Amma ranar Litinin ya tsayar da ni gaban duk makaranta na faɗi da bakina wanda ya haɗa akwatin, da wanda ya fafe shi, da haƙorin da bai taɓa ciwo ba. Malamin kimiyya kuma ya roƙi Kawu ya zo ya yi wa 'yan babban aji bayanin idon nan. Ya zo, da hularsa, ya yi musu maganar mai ban ruwa a lambu, suka rubuta a littafi. Inna ta ji labarin tandunta a bakin maƙwabta, kuma a ƙarshe na ga abin da ke ƙarƙashin tafin hannunta.

Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya bi ta bayan tasha. Na durƙusa a ƙofar shago na fara jero ban haƙuri, na ƙaryar da na yi, da tagar, da hular. Yana hura garwashi bai ko juyo ba. Ya ce in miƙo akwatin. Ya sa sabon ampul, ya naɗe tandun da robar tayar keke, ya toshe tagar da kwalta. Rigar fatar kuwa ya bar ta, ya ce badukun ya iya ɗinki. Game da hula, abin da ya ce kawai shi ne yanzu yaran dangi sun huta da gardama. (Ba su huta ba. Ƙanwata ta ce rediyon ba a kan yake ba, a cikin hular yake, shi ya sa kiɗan ya yi daɗi.)

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu in babba ya ce kada a leƙa, ina barin "to" ɗina ya biya ta kunne kafin ya fita. Na kuma daina cewa ni na yi abin da ban yi ba, don na gano duk wanda ya ce shi ya ƙera, wata rana za a ce masa ya gyara, kuma ba kullum ake samun mai cire hula a kusa ba. In masu ƙosai suka kira ni Injiniya ina amsawa, ba na fushi. Ai ina da aiki ɗaya a duniya wanda ni na yi shi da hannuna daga farko har ƙarshe, da shaidu sun fi ɗari biyar, kuma har yau ba wanda ya taɓa zuwa ya ce nasa ne.